Kwamfutar falo da na harhaɗa: hoto yana in'ina, sauti ya yi gaba abinsa

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Don Allah masana a agaza min, abin nan ya kai ni bango.

Wata biyu ke nan da na harhaɗa wata kwamfuta don falo, saboda yara sun cika min waya da katun. Komai na hannu ne, ɗaya bayan ɗaya na tsinto tsakanin Beirut Road da Farm Centre: madabod H61, firosesa i3-3220, RAM 8GB, katin hoto GT 710, SSD 128GB mai ɗauke da Windows 10, sai had-dis na waje 1TB da nake zuba finafinai. Na jona ta da talabijin mai inci 43 ta HDMI, da manhajar VLC nake kallo.

Wasu finafinan sumul suke tafiya. Wasu kuwa hoton sai ya dinga in'ina, ya tsaya, ya zabura, wani lokacin ya faffashe ya koma toka-toka, sauti kuma ya wuce ya bar shi. Abin da ya fi ɗaure min kai, akwai fim mai 9GB da yake tafiya ba gargada, ga wani ɗan 1.5GB ya gagare ta. Bidiyon bikin ƙanwata kuwa ko daƙiƙa goma ba ya yi lafiya. Ranar Juma'a Hajiyarmu za ta zo daga Gwammaja don ta kalla a babban allo, ni kuma na riga na cika baki.

Dan_Kurna:
Wa alaikumus salam. Wayar HDMI ɗin ce oga. Sayi mai kauri, mai kan zinare.

Injiniya_Fagge:
Wa alaikumus salam. @Dan_Kurna, ka bar bawan Allah da kuɗinsa. Wayar HDMI idan ta lalace, abin da za ka gani shi ne 'yan ɗige-ɗige masu ƙyalli a allo, ko allon ya ɗauke baƙi ƙirin ya dawo. Ba ta san wane fim ne ke wucewa ta cikinta ba, balle ta zaɓi wanda za ta yi wa mugunta.

Malam Abban Hanifa, kafin ka sayi ko allura yi min abu biyu. Sauke MediaInfo, kyauta ce, ka buɗe fayilolin nan uku da ita, ka kwafo mana abin da ta rubuta a Format, Bit depth, Frame rate, da faɗi da tsayin hoton. Sannan ka kunna wanda yake in'inar, ka danna Ctrl+Shift+Esc, ka shiga Performance, ka faɗa mana kashi nawa CPU, wato firosesa, yake, kashi nawa kuma Video Decode yake a ƙarƙashin GPU, wato katin hoto.

Sarkin_Gardama:
Ni dai tambayata ɗaya. Me ya kai mutum harhaɗa kwamfuta don kallon fim a wannan zamanin? Ɗan akwatin Android kamar sabulun wanka, ka maƙala a bayan TV, ga rimot, ba ƙara, ba cin wuta. Kun fi son wahala ne kawai.

Abban_Hanifa:
@Sarkin_Gardama yallaɓai, yaran suna koyon taifin a kanta, uwargida kuma a nan take lissafin kayan da take sarowa a Kwari. Ba kallo kaɗai ba ne.

@Injiniya_Fagge ga su:

Mai 9GB: AVC, 8 bits, 1920x1080, 23.976
Mai 1.5GB: HEVC, 10 bits, 1920x1080, 23.976
Na biki: HEVC, 10 bits, 3840x2160, wajen 60 amma ta rubuta Variable

A na farko CPU 9%, Video Decode yana motsi wajen 30%. A na biyu CPU tsakanin 75% da 100%, Video Decode sifiri. Na bikin kuwa 100% ya kafe, linzamin ma da ƙyar yake tafiya.

Injiniya_Fagge:
Madalla, ka ga ɓarawon da idonka.

Girman fayil ba shi ne nauyinsa ba. Abin da ke wahalar da kwamfuta shi ne yadda aka matse bidiyon. AVC, wato H.264, tun 2003 yake. HEVC, wanda za ka ga ana rubuta x265 ko H.265 a sunan fayil, a 2013 ya fito, kuma an yi shi ne don ya ba da hoto mai kyau iri ɗaya a kusan rabin girma. Kamar dila ce ta gwanjo: wadda aka fi dannewa ta fi ƙanƙanta a ido, amma ta fi cin ƙarfin mai kwancewa.

A cikin katin hoto akwai wani ɗan sashe da ba shi da aiki sai kwance bidiyo, kuma iya nau'in da aka gina shi da shi ya sani. Na GT 710 ya san H.264, shi ya sa mai 9GB ya wuce CPU yana hutawa a 9%. Bai san HEVC ba ko kaɗan. Da VLC ta ga haka sai ta ɗora wa firosesa kayan gaba ɗaya, ita kuma i3-3220 ta 2012 ce, ƙwaya biyu gare ta. A fim mai firem 24, wato hotuna 24 da ake jerawa a daƙiƙa, dole ta gama kowane firem cikin kusan kashi 42 cikin dubu na daƙiƙa. In ta makara sai a jefar da firem ɗin a wuce, in'inar ke nan. Tokar da kake gani kuwa, an jefar da firem ɗin da na bayansa suka dogara da shi ne. Sauti ba shi da nauyi, shi ya sa yake tafiyarsa.

Na bikin lissafinsa daban. 4K ya ninka 1080p sau huɗu a yawan ɗigon hoto, sama da miliyan 8 a kowane firem, ga firem 60 maimakon 24. Aikin ya ninka wajen sau goma. Wannan ko addu'a ka yi wa i3 ɗin nan ba za ta ɗauka ba.

Maman_Khairat:
Ikon Allah. Ni da nake zaɓar ƙananan fayil don tausayin tsohuwar laftof ɗina, ashe azaba nake ba ta.

Dan_Kurna:
To ni dai da na canza waya tawa ta gyaru.

Injiniya_Fagge:
Me tawarka take yi kafin ka canza?

Dan_Kurna:
Allon ne yake ɗaukewa ya dawo.

Injiniya_Fagge:
To ka ga ai abin da na faɗa ke nan, ƙanena.

MaiGidanKallo_Dorayi:
Injiniya bayaninka ya yi, amma akwai inda ban gamsu ba. Mai 1.5GB ɗin 1080p ne kawai. Ina da injin da bai fi nasa ba a gidan kallo, da shi nake saka wa yara fim kafin a take wasa, kuma yana jan x265 na 1080p, da nishi dai amma yana ja. Alhaji Abban Hanifa, tun daga farkon fim ɗin yake in'inar ko sai an ɗan jima?

Abban_Hanifa:
Kai, ka tuna min. Farko lafiya yake farawa. Sai an yi kamar minti goma sha biyar ko ashirin. Kuma da rana ya fi yi, jiya bayan isha'i ya kusa rabin awa kafin ya fara.

MaiGidanKallo_Dorayi:
Zafi ne wallahi. A ina ka ajiye ta?

Abban_Hanifa:
Cikin durowar da ke ƙarƙashin TV, mai ƙofar gilashi. Saboda Hanifa, komai ta gani sai ta danna.

MaiGidanKallo_Dorayi:
Inna lillahi. A watan Afrilu, a Kano, cikin durowa a rufe? Tanderu ka haɗa Alhaji, gurasa kawai ya rage ka saka.

Bari in ba ku labarin abin da ya same ni. Shekarar da na fara, rumfar kwano ce, mutum sittin a ciki, fanka biyu. Kullum in an shiga zagaye na biyu na fim sai hoto ya fara rawa, yara su hau ihu a dawo musu da kuɗinsu. Na canza Windows sau uku. Na canza RAM. Wani mai gyara ya ce min had-dis ne, na saya, a banza. Ranar da na buɗe injin da kaina, abin da na tarar tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya firosesa kamar bargo, ƙurar hunturu guda ta kwanta ta haɗu da zare-zare. Man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen kuwa ya bushe ya zama kamar alli. An bar jaki ana dukan taiki wata huɗu.

Ita firosesa idan zafinta ya kai wajen digiri 100 da 'yan kai, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Da fim mai sauƙi ba za ka lura ba. Da wanda yake cin 80% tun tana da sanyi, tana rage gudu sai kayan ya fi ƙarfinta. Sauke Core Temp ko HWMonitor, manhajar auna zafi, ka bar shi a buɗe, ka kunna fim ɗin, ka zuba ido.

Injiniya_Fagge:
Na sara maka, mai gidan kallo. Ban tambayi lokaci ba, kuma tambayar da ta kamata ke nan. Cuta biyu ce ta haɗu a fayil na biyun.

Baffa_Hotoro:
Ni ina ganin wuta ce. Wutar unguwarmu in ta zo da rauni har firji kuka yake. Ko in an tayar da ƙaramin janareta. Ka sa mata sitabilaiza.

Injiniya_Fagge:
Baffa, sitabilaiza abu ne mai kyau don kare kaya, amma raunin wuta kashe kwamfutar tebur yake yi, ko ta mutu ta sake tashi da kanta. Ba ya sa ta jefar da firem. A laftof ne maganarka take da hanya, don in aka ɗauke wuta ta koma batir, Windows yana rage mata gudu don tattali.

Baffa_Hotoro:
To ni dai tun da na sa sola hankalina ya kwanta. Fanel huɗu da batir lithium ɗaya.

Maman_Khairat:
Baffa yana ɗaukar firiza? Inbata mai ƙarfin nawa ka sa?

Baffa_Hotoro:
Yana ɗauka da rana Hajiya, da daddare nake kashewa. Zan turo miki bayanin ta gefe.

Admin_Sharada:
Jama'a maganar sola tana da nata zauren. A bar wa mai tambaya filinsa, Juma'a tana matsowa.

Edita_ZooRoad:
Salam. Yanzu na shigo na karanta daga sama. Na bikin nan fagena ne, kullum da shi muke kwana.

Yaya Abban Hanifa, na tabbata da iPhone aka ɗauka. Tun iOS 11 a 2017 wayoyinsu suke ɗauka da HEVC in ba ka canza ba, daga iPhone 12 kuma suka ƙara da HDR mai 10-bit. Ita kanta wayar ta rubuta a saitinta cewa minti ɗaya na 4K mai firem 60 yana cin kusan 400MB. Ƙawayen amarya ba ruwansu, kowa ta ƙure saiti don hoto ya fito, sai a kawo mana a filash a ce a haɗa.

Ni ba na ba wa mai biki irin wannan fayil ɗin. Kullum H.264, 1080p, 8-bit nake fitarwa, don shi ne yake buɗewa a kowane TV da kowace tsohuwar kwamfuta, har TV ɗin da ake soka wa filash kai tsaye. Kai ma haka za ka yi. Sauke HandBrake, manhajar sauya nau'in bidiyo, jefa fayil ɗin, zaɓi Fast 1080p30. Abu biyu kada ka manta. A shafin Video ka zaɓi Constant Framerate, saboda Variable ɗin nan da MediaInfo ta nuna maka, waya tana sauya yawan firem tana cikin ɗauka, kuma yana sa baki da murya su rabu a wasu manhajojin. A shafin Filters kuma ka sa Colorspace a BT.709. In ba ka yi ba, launin zai fito a koɗe kamar atamfar da ta sha omo, a ce mai kwalliya ta cuci amarya.

Zai daɗe a injinka, kada ka tsaya jira. Kunna ka je ka kwanta. Amma ka fara fito da ita daga durowar nan, don HandBrake zai riƙe firosesa a 100% na awoyi.

Abban_Hanifa:
iPhone ce kuwa, ta ƙawarta. Guntu-guntu ne guda tara, duka wajen minti 35, 14GB. Allah ya saka da alheri.

Ga sakamakon zafi: tana zaune ba ta komai digiri 61. Minti goma sha biyu da kunna fim 103, gudun ya sauko daga 3.3GHz zuwa 1.6, a daidai lokacin in'inar ta fara. Mai gidan kallo, gani ya kori ji.

MaiGidanKallo_Dorayi:
Kai ta wurin masu buluwa gobe da safe, ko ka ari ta masu gyaran janareta. Ka sa yatsa ka riƙe fankar lokacin da ake hurawa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Ka sayi man firosesa, ɗan sirinji ne. Goge tsohon da tsumma mai tsabta da ɗan sifirit, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Ƙafafun fankar Intel guda huɗun nan na roba, ka tabbata kowacce ta shiga ta yi ƙas, don ɗaya in ta ɗage aikin banza ka yi.

Dan_Kurna:
Wani ya ce min makilin ma yana yi.

MaiGidanKallo_Dorayi:
Haƙoran firosesar za su yi fari kam.

Sarkin_Gardama:
Ku duba fa. Buluwa, man shafawa, HandBrake, kwana ana juya fayil. Duk don a kalli abin da akwatin da na faɗa zai buɗe nan take. Har masu arhar yanzu suna kwance HEVC 10-bit na 4K a cikin guntun da ke jikinsu. Injiniya ƙarya na yi?

Injiniya_Fagge:
Ba ka yi ƙarya ba, yawancinsu suna yi. Sai dai a kasuwa akwai masu rubutun 8K da RAM 16GB a kwali, ka buɗe ka tarar ko kusa. Kuma ba za su yi wa uwargida lissafin atamfa ba.

In Malam yana son maganin dindindin a injin da yake da shi, katin hoto zai canza. GT 1030, na 2017, shi ne ƙaramin da aka saba sakawa: yana kwance HEVC har 10-bit da VP9, nau'in matse bidiyo na YouTube, yana da HDMI 2.0 mai iya fitar da 4K a 60, wutarsa wajen watt 30 ce, ba ya buƙatar wata waya daga fawa. GTX 950 da 960 ma suna yi. Amma a kula, GTX 750 Ti da ake yawan tallatawa ba shi da cikakken HEVC, GT 730 kuwa ɗan uwan 710 ne a wannan fannin, kada a ruɗe ka da lamba ta fi lamba.

Ɗaya hanyar, ka sayar da madabod da firosesar ka nemi Intel na ƙarni na 7 zuwa sama, irin i3-7100. Daga nan hoton da ke cikin firosesar kansa yake kwance HEVC 10-bit, ba ka buƙatar kati. Na ƙarni na 6 a 8-bit cikakken aikinsa ya tsaya.

Abu_Sumayya:
A kan maganar kati, a yi hattara. Bara na sayi wanda aka rubuta GTX 1050 Ti a jikinsa da kwalinsa, a hannun wani da ba zan kama suna ba, da arhar da ya kamata ta sa in yi tunani. Windows ma 1050 Ti ta nuna. Na kunna x265, Video Decode ko gezau. Ashe tsohon kati ne na wajen 2010 aka sauya wa suna a cikin ƙwaƙwalwarsa. GPU-Z, manhajar duba katin hoto, ce ta tona, ta rubuta FAKE ɓaro-ɓaro a gaban sunan. Alamar da na gane daga baya, yana da ramin VGA mai shuɗi, ainihin 1050 Ti kuwa ba ya fitar da VGA. Na koma, mutumin ya ce shi ma haka aka kawo masa.

Yanzu in zan sayi kati, da filash nake tafiya mai GPU-Z da guntun bidiyo na 4K HEVC. A saka a gabana, in ga Video Decode ya motsa, sannan in zaro kuɗi.

Dalibi_Kabuga:
Ku yi haƙuri in sa baki cikin manya. Me zai hana a cire Windows a sa LibreELEC? Tsari ne da ba komai a cikinsa sai manhajar kallon fim ta Kodi zalla, tana tashi cikin daƙiƙu, ba abin da ke gudu a ɓoye yana cin firosesa. Windows 10 ma ai Microsoft ta sanar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina tallafa masa, injin nan kuma ba ya cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su.

Injiniya_Fagge:
Zai ɗan rage nauyi, amma ba zai koya wa GT 710 abin da ba a gina shi da shi ba. Kuma ka manta da taifin ɗin yara.

Dalibi_Kabuga:
Haka ne Baba. Na janye rabi.

Maman_Khairat:
Tambaya a gefe, tunda an ambaci YouTube. Tawa fayil lafiya, amma YouTube a 1080p sai ta dinga tsayawa fanka tana ihu, alhali data tana da ƙarfi.

Dalibi_Kabuga:
Hajiya cutar ɗaya ce. YouTube yana turo VP9 ko AV1, tsohuwar laftof kuma H.264 ta sani. Danna dama a kan bidiyon ki zaɓi Stats for nerds, za ki ga vp09 ko av01 a layin Codecs, da adadin firem ɗin da aka zubar. Akwai ƙari na burauza mai suna h264ify da yake tilasta a turo H.264. Iyakarsa 1080p, amma ai ita kike nema.

Baffa_Hotoro:
Ba wanda ya yi maganar had-dis ɗin waje. USB 2.0 ne fa a H61.

Injiniya_Fagge:
Mu lissafa Baffa. USB 2.0 a aikace yana ba da wajen 30MB a daƙiƙa. Bidiyon bikin, mafi nauyi a cikinsu, 400MB a minti, bai kai 7MB a daƙiƙa ba. Mai 1.5GB na awa biyu ko rubu'in MB ɗaya bai cika ba. Hanya a buɗe take. Sai dai in dis ɗin ne yake ciwo, wannan kuma gwajinsa sauƙi: kwafi fayil ɗin zuwa SSD ka kunna daga can. In in'inar ta ɓace, duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo.

Abban_Hanifa:
Barkanmu da dare. Rahoto.

An hure ta da safe. Ƙurar da ta fito, mai buluwar sai da ya ja da baya yana tari. Ƙafa ɗaya ta fankar ma a karye take, na sayi wata fankar ta hannu. Na sa sabon mai, na fito da ita na ɗora a kan durowar. Yanzu tana zaune 42, da fim ɗin x265 ba ta wuce 74 ba, na kalle shi har ƙarshe CPU yana yawo tsakanin 70 da 85. Bai tsaya ko sau ɗaya ba.

Na bikin na sa a HandBrake jiya da daddare, firem 7 zuwa 8 yake yi a daƙiƙa. Aka ɗauke wuta yana guntu na shida. Biyar sun tsira, yau na ƙarasa sauran da janareta, man da na ƙona dai kada uwargida ta ji. Suna tafiya sumul, launi ma daidai.

Amma akwai saura. Ko a mai 9GB ɗin da na ce lafiya yake, yanzu da na zuba ido, in kyamara tana tafiya a hankali daga hagu zuwa dama, ko rubutun ƙarshe yana hawa, sai in ga hoton yana ɗan ɗingishi. Ba tsayawa ba, kamar dai ana jan sa da ƙugiya. CPU 9%, zafi lafiya. Ko idona ne ya fara neman laifi?

MaiGidanKallo_Dorayi:
Ba idonka ba ne. Wannan na san shi a ƙwallo. Duba Advanced display settings, TV ɗin a Hz nawa yake, wato sau nawa yake sabunta hoto a daƙiƙa?

Abban_Hanifa:
60.

Injiniya_Fagge:
To wannan cuta ta uku ce, kuma ba ta rashin ƙarfi ba ce, ta lissafi ce. Allon yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, fim yana da firem 24. Raba 60 gida 24, biyu da rabi. Ba a nuna rabin firem, don haka sai a riƙe ɗaya sau uku, na gaba sau biyu, uku, biyu, haka har ƙarshe. Ɗaya yana daɗewa fiye da ɗan uwansa, ido kuma yana kama wannan in kyamara tana tafiya a hankali. Ko kwamfutar miliyan nawa ka saya haka za ta yi a 60.

Magani shi ne allon ya koma 24, ko 23 kamar yadda Windows take rubuta 23.976. Abin da aka yi don talabijin irin namu kuwa, mu da Ingila da sauran masu tsarin PAL, firem 25 ne ko 50, su 50Hz suke so. Na Amurka da yawancin na waya 30 ko 60 ne, su ne 60Hz ta yi wa daidai. Kodi tana da saitin Adjust display refresh rate, ka sa shi On start/stop, ita za ta dinga sauya TV ɗin da kanta gwargwadon fim. Allon zai ɗauke na daƙiƙa ɗaya ko biyu a farko, kada Dan_Kurna ya ce waya ce.

Dan_Kurna:
Na ji dai.

MaiGidanKallo_Dorayi:
Ni a 50 na kafe nawa, don wasannin Turai da nake ɗauka daga dikoda duk 50 ne. A 60 ƙwallo in an buga dogon fasin sai ka ga tana tsalle-tsalle a iska. Masu kallo ba su san sunan abin ba, amma za su ce maka hoton gidan wane ya fi naka.

Edita_ZooRoad:
Ni kuma a nan zan ɗan saba da ku. Ko an koma 24 ɗin, fim ba zai yi santsin ƙwallo ba, firem 24 kaɗan ne, in mai kyamara ya yi saurin juyawa dole a ga rawa. Kada Yaya ya shiga neman abin da babu. Kuma a duba TV ɗin kansa, yawancinsu suna zuwa da saitin santsin motsi a kunne, kowane kamfani da sunan da yake ba shi, yana ƙirƙiro firem na ƙarya a tsakani. Wani lokacin shi ne yake kawo fizgar, ya mai da fim kamar wasan kwaikwayon talabijin.

Baffa_Hotoro:
Ni kuwa ina son santsin nan. Da shi nake kallon komai.

Edita_ZooRoad:
Allah ya shirye ka Baffa.

Abban_Hanifa:
Na duba, 60 da 50 kawai TV ɗin ya ba ni a jerin, babu 24 babu 23. Na sa Kodi duk da haka. Wani shiri mai firem 25 da na gwada ya koma 50 da kansa, kuma bambancin a fili yake. Mai 23.976 yana nan da ɗingishinsa.

Injiniya_Fagge:
Duba a NVIDIA Control Panel, ƙarƙashin Change resolution, sashen da aka rubuta HD, SD, ba sashen PC ba. Wani lokacin a can 24 ɗin yake ɓuya. In babu a can ma, TV ɗin ne bai sanar da shi ba. A nan za ka iya gwada Sync playback to display a Kodi tare da 50Hz, ta ɗan ƙara wa fim gudu ya koma 25. Bambancin kashi 4 cikin ɗari ne, haka gidajen talabijin na PAL suka yi shekara da shekaru suna nuna finafinai.

Sarkin_Gardama:
Yanzu kuma TV za a ce ya canza. Kati, fanka, TV. Da kun ji maganata tun ranar Talata.

Abu_Sumayya:
Akwatin naka ma a 60 zai fito a wannan TV ɗin, Sarki. Ɗingishin yana nan.

Sarkin_Gardama:
Amma da rimot zai yi ɗingishin.

Maman_Khairat:
h264ify ya yi aiki, fanka ta yi shiru. Dalibi Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Abban Hanifa, Hajiya ta zo kuwa?

Abban_Hanifa:
Ta zo bayan Juma'a, ta kalla sau biyu. Ba ta ga ɗingishi ba, abin da ta gani shi ne wai an fi nuna dangin ango. Katin 1030 ɗin na tambaya a shago uku, farashin ya sa na ce a bari sai bayan sallah. Injiniya, akwai mai DDR4 da mai GDDR5, na ga kuɗinsu ba ɗaya ba.

Injiniya_Fagge:
Don kallo kaɗai duka biyun sashen kwance bidiyonsu ɗaya ne. In yaran za su taɓa gem, mai GDDR5, ya fi ɗayan nesa ba kusa ba. Ka duba 24Hz ɗin a inda na ce?

Abban_Hanifa:
Ban kai ga dubawa ba, Hanifa ta gano maɓallin kashewa tunda injin ya fito fili. Sau uku yau.

Sabon_Shiga_Naibawa:
Salam jama'a, an turo ni nan. Tawa hoton lafiya lau, CPU 15%, amma in na jona sifika ta Bluetooth baki yana riga murya da kusan rabin daƙiƙa. Ita ma HEVC ɗin ce?

Dalibi_Kabuga:
A'a, wannan jinkirin Bluetooth ne. A VLC danna J ko K kana kallon bakin mai magana har su haɗu. Wace irin sifika ce?